Abin da Barewa Ba Ta Ci

Da sunan Allah, Mai kiyaye wanda ya tafi da wanda aka bari a gida. Takardar nan daga hannun mahaifinka take, Bawa mai lambu na Gagarawa, zuwa ga ɗana Tanko a sabon mazauninsa, arewa da Maigatari. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina sa maka albarka, kai da matarka Ladi da abin da take ɗauke da shi. Allah ya tsare ku daga sharrin daji, ya sa ruwan wurin ya karɓe ku.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba, kowa yana nan yadda ka bar shi. Maganar da ka yi a ƙofar zaure ranar tashinka ita ce ta hana ni sakat. Ka ce Bulaman wurin ya ba ka kwari da rijiya, ruwa gaba uku, da sharaɗin in rani mai zuwa ya wuce bai ga lambu a tsaye ba, zai ba wani. Sannan kana ɗaure wa jaki kaya, ko dubana ba ka yi ba, ka ce, "Baba, in wannan ma ya ƙi, ba zan dawo in zauna a inuwarka ba. Gabas zan yi, duk inda ƙafa ta kai ni." Ni kuwa na ce, "Allah ya kiyaye hanya," sai ka ce kasuwa ka ce mini za ka. Bakina yana da nauyi a gabanka, ka sani. Amma na san mutanen da suka yi gabas shekarar yunwa, har yau ko ɗayansu bai aiko da gaisuwa ba. Shi ya sa na roƙi takarda wurin liman, yau kwana uku ke nan ina zaune gindin tsamiya ina rubutu kaɗan-kaɗan.

Ƙasar can na san ta, na ratsa ta da ƙafa tun ba a kafa alamun iyaka tsakaninmu da Faransa ba. Farin rairayi ne, da aduwa jefi-jefi, da bareyi garke-garke kamar awakin wani attajiri da ba wanda ya taɓa ganinsa. Da damina ba ruwansu da kai, daji ya ishe su. Amma in ciyawa ta bushe, lambunka ne kaɗai kore a tafiyar yini guda, kuma hancinsu zai kawo su. Ba na shakkar rijiyar, ba na shakkar ƙarfinka. Su nake ji maka, domin sun sha mayar da ni gida hannu rabbana, kuma kowane karo laifina ya fi nasu.

Lambuna na farko na yi shi shekarar da na auri mahaifiyarka Kande, Allah ya jiƙanta, a kwarin nan na yamma da gari. Ban tambayi kowa ba. Abin da ido yake so shi na shuka: rama da yakuwa da kuɓewa, da wake a bakin shinge don ya hau ƙaya ya yi fure, mai wucewa ya gani ya ce lambun wane ne wannan. Ya kuwa yi kyau. Wata safiya ta sanyi na fito bayan sallah, gari ya fara haske, tururi yana tashi daga bakin rijiya, sai na gan su, bareyi bakwai, a tsakiyar rama. Siraran ƙafafun nan nasu kamar ba sa taɓa ƙasa. Wata ta ɗaga kai ta dube ni da ganye a bakinta, ba tsoro, ba kunya, kamar ni ne na shigo mata gida. Guga yana hannuna, tsawa ɗaya ta isa ta watsa su. Wallahi Tanko ban yi ba. Na tsaya ina kallo har rana ta fito ta mayar da bayansu launin zuma, sannan suka tsallake shingen ɗaya bayan ɗaya, ko ƙarar sawu ban ji ba.

Da hantsi mahaifiyarka ta zo da ƙwarya za ta tsinki ganyen miya. Ta dubi karare tsirara, ta dube ni.

Ta ce, "Maigida, ina ramar?"

Na ce, "Baƙi muka yi."

"Sun dai ƙoshi ko?"

"Sun ƙoshi."

Ta kife ƙwaryar a kanta ta ce, "To madalla. Yau sai ka ci tuwonka da kyawun idonsu."

Don haka abu na farko, ɗana: duk abin da ka san mai taushi ne, mai daɗi a bakin akuya, kada ka sa shi a bakin lambu. Kuma shingen busasshiyar ƙaya ba komai ba ne a wurin barewa. Jaki yake hanawa.

Shekara ta zagayo na ce na yi wayo. Na kewaye lambun da barkono, a tunanina tunda ni yana sa ni hawaye su ma zai sa su. Ina ta alfahari a dandali. Ashe yajin a cikin ɗan yake, ganyen kuwa salam. Suka zo suka tsige ganyen tas, suka bar mini jajayen 'ya'ya suna reto a jikin tsinke, kwana biyu rana ta ƙone su. Daga nan na gane kada mutum ya auna bakin barewa da nasa. Kafin ka yarda da wata shuka, tsinki ganyen ka murza a tafin hannu ka sansana. In yana da wari mai hawa ka, ko yana da ƙaiƙayi, ko yana zubar da farin ruwa mai danƙo, ko ka ɗanɗana ka ji ɗacin da sai ka tofar, to akwai alamar za ta bar maka shi. In ka murza ka ji ƙanshin ɗanyar ciyawa kawai, nata ne.

Na san halinka, yanzu kana cewa ai sai a kafa tarko. Na kafa. Ka kama ɗaya, nama ya ƙare kwana biyu, sauran suna nan, kai kuma ka bar bakin rijiya kana yawon duba igiya. Har wurin Mati maharbi na je, abokina da ka sani, ya ba ni kashin kura a tsumma ya ce in rataya a kusurwa huɗu. Kwana biyar ba su zo ba, har na fara yi masa kirari. A na shida na tarar da wani namijin barewa yana sosa wuyansa a jikin sandar da na rataya ƙullin. Da na kai ƙara, Mati ya shafa gemu ya ce, "Kai Bawa, kurar ce tsohuwa, ba ta da sauran kwarjini." Ka bar duk wani abin tsoratarwa. Sukan saba da shi kafin kai ka saba.

Akwai kuma wautar da na fi jin kunyarta, ko da yake in na tuna ta har yanzu sai in ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Na ce tunda yunwa ce take kawo su, bari in ware musu nasu. Na share wani ɗan fili can nesa da lambun, na shuka musu wake, ina ɗaukar ruwa a tulu ina kai masa. A zuciyata ina ganin mun yi sulhu, su ci nasu, in ci nawa, da safe mu gaisa daga nesa kamar maƙwabta. Mako biyu haka abin ya tafi, kuma ban taɓa jin daɗin duniya kamar a kwanakin nan ba. Ina jan guga, su suna can cikin hasken safiya suna kiwo, kunnuwansu suna motsi. Sai bakwai suka zama goma sha biyar. Sai na daina ƙirgawa. Ranar da waken ya ƙare ba su koma daji ba, lambun suka nufo gaba ɗaya. Kande ta ce, "Ka yi walima, sun gayyato dangi, yanzu kuma kana mamaki." Kada ka ciyar da su, Tanko, ko da tausayi ya kama ka. Kuma zai kama ka, jinina ne a jikinka, duk da zafin kan nan naka.

A lokacin yayyenka mata uku suna ƙanana, kai kana ciki, shekarar da Nasara suka iso Gumel. Na riga na yanke shawarar barin lambu in koma dako. Ni ma na taɓa tsayawa inda kake tsaye, ban dai taɓa gaya maka ba. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa, sai mahaifiyarka ta ce, "Ka tambayi maharbi, ka tambayi mutanen dandali. Su masu cin fa, ka taɓa tambayarsu?" Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce in tashi in raka ta kufan kakanninta, a hanyar Ɗanzomo.

Mun isa da la'asar. Gari ne da aka tashi tun tana goye, rijiyarsa ta rufta. Ba ɗaki ko ɗaya, ba bango, ba danga. Amma da muka hau tudu muka duba, sai ga garin nan kwance a gabanmu, an zana shi da aguwa, shukar nan mai farin ruwa da ake yin shinge da ita. Kowane gida da layinsa, kowace garka da kewayenta, har ƙofofi ana gani inda layin ya yanke. Mutanen sun tafi, shingensu yana nan a raye, ba mai ba shi ruwa, ba mai gyara shi. Audugar tumfafiya tana ta yawo a iska, tana sauka a kafaɗunmu. Kande tana tafe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu saboda nauyinka, tana nunawa: "Nan ne gidan kakata. Nan turminta yake. Nan ake shanya baban rini." Ni har na fara jin kamar ana daka a wani wuri, kamar in na waiwaya zan ga hayaƙi.

Ko'ina sawun barewa ne da kashinta, nan suke wuni. Ta ce, "To duba. Shekara nawa suna kiwo a nan? Abin da ka gani a tsaye, sun gaya maka ba sa so." Na duba. Aguwa ba ko tabon haƙori. Tumfafiya da faffaɗan ganyenta. Baba ya bazu inda marina take a da. Ɗaɗɗoya ta bushe a tsaye da 'ya'yanta ba wanda ya taɓa. Wani tsohon lalle an ɗan tsinki tohonsa na ƙasa an bar shi. Zogale kuwa guda ɗaya muka samu, an gwaguye shi har ɓawo. Muka zauna a inda ta ce nan ne tsakar gidansu, har inuwa ta yi tsawo.

Wannan shi ne babban abin da nake so ka yi. Kada ka dogara da jerin da zan ba ka kawai, domin barewar wani wuri ba ta wani wuri ba ce, kuma in rani ya yi tsanani takan ci abin da ta ƙi jiya. Nemi kufai a kusa da ku, ba a rasawa. Ka je yanzu da bazara, lokacin da yunwa ta fi damunsu, ka zaga a hankali ka ga abin da suka bari.

Kada ka ɗauka daga kufan nan na dawo da hankali. Na bari sai da damina ta yi tsakiya na je na saro aguwa, na haƙa rami na zuba taki, na dasa, ina ba ta ruwa safe da yamma kamar jinjiri. Duk ta ruɓe, ta yi baƙi tun daga gindi. Sauran rassan da suka rage na watsar a kan tudu cikin fushi, na manta da su. Bayan wata biyu na bi ta wurin, sai na ga sun kama ƙasa da kansu, har da toho. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Aguwa ba ta son a dame ta. A sare ta da bazara, a jingine a inuwa kwana bakwai har farin ruwan ya bushe a bakin saran, a soka ta cikin busasshen rairayi zurfin taƙi guda, a yi tafiya. Ko ɗigon ruwa kada ka ba ta, ruwan sama na farko ya ishe ta. Kada ka bari farin ruwanta ya shiga idonka, na yi kwana uku ina ganin duniya dishi-dishi. Kuma ka yi layi biyu, tsakaninsu kamu biyu. Barewa tana tsalle sama yadda take so, amma ba ta faɗawa inda ba ta ga wurin sauka ba.

Wani kuskuren kuma ba dariya a cikinsa. Da na ga dabara ta fara ci, sai na zarce, duk abin da dabba ta ƙi na kwaso, har da zurma. Ka san 'ya'yanta masu zane kamar ƙwaro. Yayarka Delu tana da shekara huɗu, na same ta a gindin shukar ta tara su a zaninta, ɗaya a baki. Na sa yatsa na ƙwaƙulo shi bai fashe ba. Ranar na tumɓuke zurmar duka, mahaifiyarku kuwa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma da gaskiyarta. Abin da barewa ta ƙi don ɗaci daban, abin da ta ƙi don yana kisa daban. Ban da zurma, ban da zaƙami. Baɗi war haka kuna da mai rarrafe.

Kwanakin nan in na ajiye alƙalami nakan rufe ido in ga lambunka, ko da yake ban taɓa taka wurin ba. Ina ganin aguwa a kewaye, duma ya hau kanta yana rataye da ƙore. Daga ciki layin ɗaɗɗoya, wadda in iska ta kaɗa warinta yake fara tarar hanci, ya rufe ƙanshin abin da ke bayanta. Sai taba da manyan ganyenta masu danƙo. Sai fangalin albasa da tafarnuwa, su za ka yawaita, su ne lambun, su ne abin da Bulama zai gani ya gyaɗa kai, kuma kasuwar Maigatari ba ta ƙin su. Baba a gefen da ruwa bai cika kaiwa ba, marina za su neme ka. Lalle biyu ko uku saboda Ladi. Tumfafiyar da ka tarar a wurin ka bar ta inda take. Can a tsakiya, dab da bakin rijiya inda sawunka da warin jikinka suka fi yawa, nan za ka ɓoye 'yar rama da yakuwa da kuɓewa da zogale ɗaya, gwargwadon tukunyar gida kawai. Bana ba shekarar marmari ba ce. Ina ganinka kana jan guga, ruwa yana bin magudana yana ƙyalli, bareyi kuma suna can waje a kan tudu, sun ɗaga hanci, sun juya.

Saura magana ɗaya. Mati ne zai kawo maka takardar nan, kuma za ka gan shi da jakuna huɗu. Iri yana cikin gafaka, kowanne da ƙullinsa. Sauran kayan duk aguwa ce, an sare ta kwana bakwai da suka wuce, tana isa ka soka. Na san babu ita a wajenku, kuma ƙananan rassa sai sun shekara uku kafin su tare wani abu, kai kuwa rani ɗaya aka ba ka. Waɗannan kaurinsu ya kai damtse, tsayinsu ya kai ƙirji, ranar da ka kafa su ranar suka zama shinge.

Kada ka tsare Mati da tambayar inda aka samo su, ni zan gaya maka. Shingen lambuna ne. Na sare gefen arewa da na yamma har ƙasa, wanda muka dasa da mahaifiyarka kana goye a bayanta. Yayyenka sun zo sun yi ta faɗa, Delu har da kuka, ta ce tsufa ya fara taɓa ni. Liman ma ya ce in sake tunani. Na sake, na kuma ɗauki gatari. Gindin zai toho, amma kafin ya koma yadda yake ban san ko ina nan ba. Rani mai zuwa lambuna a buɗe yake, za su shigo su ci abin da suka samu, na sani. Shinge ɗaya gare mu, lambu biyu, na zaɓi naka.

Ba don in ɗaure ka da nauyi na faɗa ba. In ka yi duk abin da na ce, Allah kuma ya hukunta bai tsaya ba, ka juyo da jakinka kudu, ba gabas ba. Ba wanda zai yi maka dariya a gidan mutumin da ya taɓa yi wa barewa noman wake. Rasa lambu na iya, Tanko, na saba da shi tun ba a haife ka ba. Rasa ka ne ban iya ba, kuma na tsufa da koyon sabon abu.

Allah ya kama maka abin da ka dasa. Allah ya sauki Ladi lafiya, ya tsare ku da rana da inuwa, ya kare ku daga maciji da ciwo da mugun baƙo. In shingen ya yi toho, ka aiko a gaya mini, ko da baki ne.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Bawa.